Samuel Okwaraji, Ɗan Ƙwallo Mai Digiri

Mu da muke sulalewa daga aji mu tafi buga ƙwallo, ya kamata mu san Samuel Okwaraji. An haife shi a Orlu ta jihar Imo a 1964. Ya karanta shari'a a jami'a a birnin Rum na Italiya, yana kuma buga ƙwallo. A 1988 ya zura wa Kamaru ƙwallo a gasar kofin Afirka a Maroko. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Najeriya na karawa da Angola a Legas, ya yanke jiki ya faɗi, ciwon zuciya ya zama ajalinsa yana ɗan shekara 25. 'Yan'uwa, in mun je filin Haliru Abdu kallo, mu tuna shi bai jingine littafi saboda ƙwallo ba.