Nana Asma'u ƴar Shehu, Uwar Ƴan Taru

 Ya ƴan uwa Musulmi, da wuya wata ya wuce ba a kawo mini ƙarar duka ko korar mace da tsakar dare a zaurena ba. Abin da ya fi ba ni takaici, mafi yawan matan nan ba su san shari'a ta ba su haƙƙi ba, kuma kowace ita kaɗai take zuwa, cikin ɓoyo. Wannan ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihin wata baiwar Allah da ta nemi maganin jahilci da kaɗaicin mata tun ƙarni biyu da suka shige.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793, tagwaye ita da ɗan uwanta Hasan. Mahaifiyarta Maimuna, mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin jihar Tawa ta yanzu, a 1754. Bisa al'ada Husaina ya kamata a kira ta, amma sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar. Ta tashi a gidan da ba a ware mata wajen karatu. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje suna barin matansu da ƴaƴansu cikin duhu, ya kuma ƙi yarda a mai da mace abin aiki kawai. Lokacin da wani malamin Barno ya soki halartar mata wurin wa'azinsa, Abdullahi ƙanen Shehu ne ya mayar da amsa, yana nuna barin su cikin jahilci ya fi muni.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ɗanɗani yunwa da tsoron shekarun yaƙi. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai wajen 60.

A nan dole in faɗi abin da masu yabo kan tsallake. Yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, ya bar zawarawa da marayu, an kuma kwashi mata bayi zuwa ƙasar Sakkwato. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda, kakanninsu suna ɓangaren da aka ci ne. Asma'u ba ta hana bauta ba, a zamaninta ta rayu. Amma ta dubi matan ƙauyuka, ƴaƴa da bayi, waɗanda ba mai tambayar halinsu, ta ɗauke su mutane masu haƙƙin sanin addininsu.

Ga yadda ta tsara aikin, wajen ƙarshen zamanin Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Ta san matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki. Saboda haka ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kanta. Gobirawa sun san malfa a kan Inna, uwar ƴan bori. Sai ga ta a kan mai koyar da alwala da salla. Wannan hikima ce babba, don ba ta wulaƙanta abin da matan suka saba girmamawa ba, juya shi ta yi. Kowace jaji takan jagoranci ƴan mata ƙanana da tsofaffi su zo a ƙasa wurin Asma'u, su zauna su haddace waƙoƙin da ta tsara, sa'an nan su koma su karantar da waɗanda ke cikin gidaje. Abin da suka kawo na sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, takan rarraba wa mabukata. Su ne ake kira Ƴan Taru.

Karatun bai tsaya ga salla ba. Sun koyi tarihin Annabi da halinsa, da labarin salihan mata magabata, da jinyar mara lafiya, da kula da marayu. Ta kuma mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, wadda ke gargaɗin masu iko a kan zalunci. A ganina, macen da ta haddace irin wannan, kuma ta san akwai jaji a garinsu da za ta kai wa kuka, ba a cutar ta cikin sauƙi kamar wadda ke zaune ita kaɗai bayan danga. Mu kuwa yau muna da masallatai da makarantu da gidajen rediyo, amma unguwa nawa ce ke da dattijuwa mai ilimi wadda aka yarda ta shiga gida ta tsawata wa mai dukan iyalinsa?

Giɗaɗo ya rasu a 1851, ita kuwa ta ci gaba da karantarwa cikin tsufa, har tana yi wa matan da ba ƴan sarauta ba waƙar ta'aziyya kamar yadda ta yi wa manya. Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ɗauki ragamar Ƴan Taru a bayanta. Allah ya jiƙansu da rahama, amin.