Bernhard Riemann, Mai Auna Lanƙwasa

An haifi Bernhard Riemann a ƙauyen Breselenz na ƙasar Jamus ran 17 ga Satumba, 1826, watau zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mahaifinsa limamin coci ne, ba mai wadata ba. Da niyyar ya gaje shi ya shiga Jami'ar Göttingen cikin 1846, amma lissafi ya rinjaye shi, ya zama almajirin shaihin malami Gauss.

Cikin 1851 ya sami digirin dakta da nazarin lambobin nan masu sassa biyu, inda ya ƙago musu shimfiɗu waɗanda har yau da sunansa ake kiransu. Ran 10 ga Yuni, 1854, sa'ad da Sarki Buhari ke bisa gadon Haɗejiya, ya gabatar da laccar neman izinin koyarwa. Batutuwa uku ya miƙa, sai Gauss ya zaɓi na ukun, wanda bai shirya masa sosai ba, ga shi mutum mai tsananin kunya, abincinsa kuma ya rataya ga wannan zama.

Tushen maganar shi ne, ana iya gane siffar wuri daga cikinsa ta hanyar awo kawai. Manomin da ya ja alwatika a fadamar kogin Haɗejiya, inda ƙasa ta kwanta sumul, zai tarar kusurwoyin sun tashi digiri 180. A bayan ƙwarya sukan zarce haka, a kan sirdin doki kuwa su gaza. Wannan bambanci shi ne lanƙwasa. Gauss ya riga ya san haka game da shimfiɗa. Gwanintar Riemann ita ce kai awon zuwa sarari mai fuskoki ko nawa ne.

Ya zama farfesa cikin 1859, amma tarin fuka ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Selasca ta Italiya ran 20 ga Yuli, 1866, bai cika arba'in ba, laccar ma sai 1868 aka buga ta.

Cikin 1907 Poincaré da Koebe suka tabbatar cewa kowace shimfiɗar Riemann wadda ba ta da kafa tana komawa ɗayan iri uku: mai lanƙwasar ƙwarya, da kwantacciya, da mai lanƙwasar sirdi. Da awon nasa kuma Einstein ya bayyana ƙarfin jan nauyi cikin 1915.