Likita Jeanette Troup Ta Asibitin Jankwano

Duk mutumin Jos da ke zaune a Ikko ko Badun ya san Asibitin Jankwano, amma ba kowa ya san labarin matar da ta rasa ranta wajen aiki a cikinsa ba. Sunanta Likita Jeanette Troup, mutuniyar garin Akron ta ƙasar Amurka, wadda mishan ɗin S.I.M. ya kawo Nijeriya. Ta shafe shekaru masu yawa tana duba marasa lafiya a Jos kafin abin da ya sa duniya ta san ta ya auku.

A watan Janairu na 1969 aka kawo mata wata nas, Laura Wine, a jirgin sama daga garin Lassa, wanda yanzu ke cikin Jihar Borno. Zazzaɓi ne mai zafi, ga gyambo a maƙogwaro, an ba ta magunguna iri iri ba su yi ba, kashegari ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan ƙwarzane a yatsa, duk da haka ta sa hannu ta goge wa mara lafiyar baki. Ita ma ta kwanta, ta rasu a watan Fabrairu. Nas ta uku, Lily Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, ta kamu, aka bi da ita ta Ikko zuwa New York, ta sha da kyar. A Jami'ar Yale aka gano cewa sabuwar ƙwayar cuta ce, aka raɗa mata sunan Lassa.

To, Likita Troup ta ga wannan duka da idonta, ta kuwa san haɗarin. Amma da cutar ta sake ɓulla a Jos a farkon 1970, ta kama mutum 28, 13 suka mutu, ba ta gudu ba. Ta tsaya kan majinyata, har ta yi binciken gawa don a gane yadda cutar ke kisa. Wajen binciken ne ta yanke a yatsa. Ta rasu ranar 18 ga Fabrairu 1970, tana da shekara 46, aka binne ta a Miango. Lily Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta don a ƙara mata, amma ta iso bayan an riga an yi rashin.

Sai a 1972 aka gano a Saliyo cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da cutar, shi ya sa ake gargaɗi a riƙa rufe abinci. Asibitin kuwa yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham.

Iyayen da 'ya'yansu suka gama makarantar nas su ba su wannan labari. Mara lafiya yana bukatar wanda zai tsaya kusa da shi ba tare da ƙyama ba, kamar yadda waɗannan mata suka tsaya. Amma ɗan rauni a yatsa ne ya raba Jos da ma'aikata biyu. Sabuwar nas ta rufe ciwon hannunta, ta sa safar hannu, sa'an nan ta matsa kusa da gadon.