Pablo Eskobar, Uban Fataken Hodar Ibilis na Medelin

An haifi Pablo Eskobar ran 1 ga watan Disamba na shekarar 1949 a garin Riyonegro, cikin ƙasar Kolombiya. Ubansa manomi ne, uwarsa kuwa malamar makaranta. Ya girma a Embigado, dab da birnin Medelin, inda ya soma da satar motoci da fasa-ƙwaurin taba. Daga nan ya faɗa safarar hodar ibilis: a sayo ƙullin ganyen koka daga Peru da Bolibiya, a tace shi a Kolombiya, ƙananan jiragen sama su kwashe hodar zuwa Amurka. Cikin 1976 aka kama shi da kayan, amma shari'ar ta bi ruwa, jami'ai biyun da suka kama shi kuwa aka kashe su. Tun daga nan dabararsa ba ta sake ba: alƙali ne ko ɗan sanda, in bai karɓi kuɗi ba, ya karɓi harsashi.

Dukiya ta zauna masa har mujallar Forbes ta sa shi cikin manyan attajiran duniya a 1987. Ya gina wata ƙasaitacciyar gona mai suna Napoles, ya zuba giwaye da raƙuman dawa da dorinai a ciki. Ya gina wa talakawan da ke kwana bisa jujin Medelin ɗaruruwan gidaje, ya yi wa samari filayen ƙwallo. Kyautar ta gaske ce, amma cikin ƴaƴan waɗannan unguwanni ne yake ɗaukar yaran da ke yi masa kisa bisa babur.

Sai dai kuɗi ba su ishe shi ba, girma yake so. A 1982 ya shiga majalisar dokoki a matsayin mai maye gurbin dipite, nan kuwa ya kai kansa inda ido yake. Ministan shari'a, Rodrigo Lara Boniya, ya tona asalin dukiyarsa, jaridar El Espectador ta fiddo labarin kamun 1976, dole ya bar kujerar. Ran 30 ga watan Afrilu 1984 aka harbe ministan cikin motarsa a Bogota. Gwamnati ta amsa da abin da Eskobar ya fi tsoro a duniya, wato miƙa masu safara ga kotunan Amurka, inda alƙali ba ya jin tsoronsa.

Domin hana wannan ne ya buɗe wa ƙasarsa yaƙi. An kashe shugaban jaridar nan, Giyermo Kano, a 1986. An kashe ɗan takarar shugabancin ƙasa Luwis Karlos Galan ran 18 ga watan Agusta 1989. Ran 27 ga watan Nuwamba na wannan shekara bam ya tarwatsa jirgin kamfanin Avianca da mutum 107 a ciki, alhali wanda ake hari, Sesar Gabiriya, bai ma shiga jirgin ba. Ya kuma sa lada ga duk wanda ya kashe ɗan sanda a Medelin.

Gabiriyan nan shi ya zama shugaban ƙasa, da gwamnatinsa kuma aka daidaita. Ran 19 ga watan Yuni 1991, ranar da majalisar tsara tsarin mulki ta hana miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa, Eskobar ya miƙa wuya. Gidan kason da aka sa shi, La Katedral, an gina shi ne yadda yake so, da filin ƙwallo da wurin shaƙatawa, har masu gadi da sa hannunsa aka zaɓe su. Da ya kashe abokan cinikinsa biyu a ciki, gwamnati ta yi niyyar sake masa wuri, sai ya tsere ran 22 ga watan Yuli 1992.

Wata goma sha shida ya yi yana ɓuya. Wata rundunar ƴan sanda ta musamman tana binsa da taimakon Amurka, wani gungun abokan gabarsa da ake kira Los Pepes yana kashe lauyoyinsa da yaransa, yana ƙone gidajensa. Ran 2 ga watan Disamba 1993, kwana guda bayan ya cika shekara 44, ya daɗe bisa waya yana magana da ɗansa, aka gano gidan da yake a unguwar Los Olibos. Ya fita ta taga, aka harbe shi bisa rufin ɗaki, ƙafarsa ko takalmi babu.

Cinikin hodar ya koma hannun fataken birnin Kali, a 1997 kuma Kolombiya ta maido da dokar miƙa masu laifi. Dorinai huɗun da ya bari a Napoles sun hayayyafa cikin kogin Magdalena, har sun haura ɗari.