Sarauniya Amina ta Zazzau: Mace Mai Ganuwa

'Yan uwa mata, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ga ya dace mu tuna da Sarauniya Amina ta Zazzau, don 'ya'yanmu su san cewa mace ta taɓa riƙe ƙasa a nan ƙasar Hausa.

Amina 'yar Bakwa Turunku ce, kuma an ce garin Zariya sunan ƙanwarta ya ci. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana kuwa suna cewa a ƙarni na 16 ta yi, ta hau gadon sarauta bayan ɗan uwanta Karama. Tun tana budurwa take fita yaƙi tare da mayaƙan Zazzau. Ta shafe shekara 34 tana yaƙe-yaƙe, ta kai har Kwararrafa da Nufe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa har Katsina da Kano sun bi ta. To, mu ma Kanawa mun ɗanɗana. A Atagara ta rasu, can kudu wajen Idah.

Amma mu 'yan kasuwa, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hanyoyin fatauci da ta buɗe. Sarkin Nufe ya aiko mata goro dubu goma, kuma a zamaninta ne goro ya yaɗu a ƙasar Hausa. Inda duk ta ya da zango sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa, shi ya sa har yau ake cewa ganuwar Amina. Ganuwa ita ke ba manomi da ɗan kasuwa kwanciyar hankali, ya ajiye kayansa ba fargaba.

Mu da muke zaune gefen kasuwar hatsi ta Dawanau mun san darajar wannan. Ganuwarmu ita ce asusun ƙungiya da adashinmu. Idan ɗaya ta karɓi rance ta ƙi biya, ta rushe kusurwa guda, kuma ta nan ɓarna ke shiga. Mu riƙe amana, mu biya a kan lokaci, mu bar 'ya'yanmu mata su yi karatu. Allah ya ƙara mana haɗin kai, amin.