Al-Jahiz na Basra: mai tallan kifin da yake kwana a shagon littattafai

A filinmu na tarihin magabata, yau mun leƙa birnin Basra na ƙasar Iraƙi, inda aka haifi Amru ɗan Bahar wajajen shekara ta 776 miladiyya. Duniya ta fi saninsa da laƙabin Al-Jahiz, saboda manyan idanunsa da suka fito waje.

Iyayensa ba masu hali ba ne. Masu tarihi sun ce yana yaro ya yi tallan gurasa da kifi a bakin wani rafi na Basra. Da ya tashi daga talla sai ya nufi masallaci, ya zauna gaban malaman harshe irin su Asma'i da Abu Ubaida. Wani lokaci kuma ya tafi kasuwar Mirbad, inda Larabawan ƙauye ke rera waƙoƙin mutanen da.

A zamaninsa takarda ta fara yaɗuwa a Iraƙi, amma da hannu ake kwafar littafi, don haka ya fi ƙarfin aljihun talaka. Sai ya samo dabara. An ruwaito cewa yakan biya masu shagunan littattafai su bar shi ya kwana a ciki yana karatu, kuma duk littafin da ya shiga hannunsa sai ya ga ƙarshensa. Ta haka ya ƙoshi da waƙoƙin jahiliyya, da labaran Farisa, da littattafan Girkawa irin na Aristotal waɗanda aka fassara zuwa Larabci.

Da ya koma Bagadaza, wannan karatu ne ya zama jarinsa. Ya rubuta Kitabul Hayawan a kan dabbobi, mai juzu'i 7, da Al-Bayan wat-Tabyin a kan fasahar magana, da Al-Bukhala, labaran marowata masu ban dariya. Ɗan talla ya zama wanda waziran daular Abbasiyya ke yi wa kyauta saboda alƙalaminsa.

Da tsufa ya zo, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ya koma Basra. Can ya rasu a watan Muharram na shekara ta 255 bayan hijira, wato ƙarshen 868 ko farkon 869. Wata ruwaya ma ta ce tulin littattafansa ne ya faɗo masa.

Mu a yau, da yawanmu da zarar mun gama jarrabawa sai mu rufe littafi, muna kukan rashin kuɗi ko rashin lokaci. Al-Jahiz bai da kuɗi, dare kawai gare shi, shi kuwa ya yi amfani da shi. Ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam ne, ko wani tsohon littafi da ke cikin akwatin kaka, mu ɗauko shi mu riƙa karanta shafi biyu ko uku kafin barci. Da sannu za mu kai ƙarshensa.