Fulorans Naitingel: Macen Da Ta Ƙwato Wa Masu Jinya Mutunci

'Yan'uwa, a cikin ikilisiyoyinmu akwai mata da yawa masu aikin jinya, wasunsu kuwa sukan sha tsawa da wulaƙanci a hannun likitoci. Saboda su ne muka kawo tarihin Fulorans Naitingel, wadda ta sha irin wannan ɗaci tun kafin a haifi kakanninmu.

An haife ta ran 12 ga Mayu, 1820, iyayenta kuwa attajirai ne mutanen Ingila. A 1837 ta gaskata Allah ya kira ta ga hidimarsa. Iyayenta suka ƙi ta yi jinya, gama a lokacin aikin raini ne. Duk da haka a 1851 ta je Jamus ta koyi aikin a wani asibitin ikilisiya.

Da Ingila ta shiga Yaƙin Kirimiya, gwamnati ta aike ta asibitin sojoji na Sukutari a ƙasar Turkiyya. Ta isa a watan Nuwamba, 1854, tare da mata 38. Likitocin soja suka juya masu baya, suna ganin mace ba ta da abin yi a wurin. Fulorans ba ta rama ba. Ta hana matan shiga ɗakunan majiyyata sai likita ya nema, ta sa su gyaran zannuwa da dafa abinci. Bayan 'yan kwanaki aka yi ta kawo sojoji masu raunuka daga yaƙin Inkaman har aiki ya fi ƙarfin likitocin, dole suka neme su.

Amma babban likitan rundunar, Dakta John Hall, bai daina sa mata ƙafa ba. A ganinsa ikonta ya tsaya a Turkiyya, bai kai asibitocin Kirimiya ba. A nan ne muka ga cewa haƙurinta ba na tsoro ba ne. Ta yi ta rubuta wa Ma'aikatar Yaƙi wasiƙu da hujjoji, har a watan Maris, 1856, aka ba da umarni a rubuce cewa ita ce shugabar dukan mata masu jinya a asibitocin rundunar.

Da ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, ta kafa ƙa'ida: nas za ta bi umarnin likita a kan magani, amma horonta da hukuncinta suna hannun babbar nas. Wato likita ba ubangidanta ba ne, abokin aiki ne.

Ta rasu ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Mu da mu ke da 'ya'ya a wannan aiki, mu koya masu su riƙe bakinsu a gaban majiyyaci, amma su rubuta abin da ya faru su kai gaba. Likitocin da ke cikinmu kuma, mai kunne ya ji.